Yadda za ka riƙe zuciyarka a aji da wajen aiki kada ta cinye maka abin da ka iya

Kowa ya san irin ɗalibin nan. Shi ne yake yi wa 'yan ajinsu tutoriyal a gindin bishiya, handawut ɗin lakcara a kansa yake tun daga shafin farko har na ƙarshe, amma ana raba takardar jarrabawa sai hannu ya fara rawa zufa ta keto masa, tambayar da ya amsa wa abokansa jiya da daddare ya zauna yana kallonta ya rasa ta inda zai fara, sakamako ya fito waɗanda ya koya wa sun wuce shi kuma yana da kari-oba. Haka a ofis, akwai ma'aikacin da in dai aiki ne ba wanda ya kama ƙafarsa amma ba mai son a haɗa su, saboda magana ɗaya za a gaya masa ya hau sama, ko ya sha kunu ya yi sati ba ya gaida kowa, in an zo ƙarin girma sai a tsallake shi a ɗauki wanda bai kai shi ba, shi kuma ya ce hassada ce ko an yi masa asiri. Wani lokacin hassadar ce da gaske, ban musa ba. Amma sau da yawa abin da ya kayar da mutanen nan biyu abu ɗaya ne, sun san littafi sun san aiki amma ba su san yadda za su yi da zuciyarsu ba in ta motsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan wannan maganar. A 1990 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Peter Salovey na Yale da John Mayer na New Hampshire, suka fitar da rubutun da ya tsara fannin sanin motsin rai da iya sarrafa shi, sai a 1995 Daniel Goleman wanda a lokacin yake rubutu a jaridar New York Times ya fitar da littafin da ya sa maganar ta cika duniya har ake kiran abin EQ. Su Salovey daga baya sun kasa shi gida huɗu, wato ka gane abin da kake ji da abin da na kusa da kai yake ji, ka iya amfani da shi wajen tunani, ka fahimci daga ina ya taso kuma ina zai kai ka, sannan ka iya sarrafa shi.

Amma dan Allah kafin mu je ko'ina a cire wata magana da masu lakcar zaburarwa suke yawo da ita, wai kashi 80 na nasarar mutum EQ ne, kaifin ƙwaƙwalwa kashi 20 kawai. Ba binciken da ya nuna haka. Abin da bincike ya nuna bai kai haka zaƙi ba amma ya fi amfani. A 2020 Carolyn MacCann ta Jami'ar Sydney a Ostireliya ita da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi kan ɗalibai sama da 42,000, suka ga eh lallai masu iya fahimtar motsin rai da sarrafa shi sun fi samun maki, amma abin yana zuwa ne bayan kaifin ƙwaƙwalwa da kuma naci da tsare aiki. A ɓangaren aiki kuma Dana Joseph da Daniel Newman a 2010 sun ga tasirinsa ya fi fitowa a aikin da kullum kana gaban mutane dole ka saki fuska ko ranka a ɓace, kamar nas, malamin makaranta, mai zama a kanta a banki, yaron shago, mai POS. Kenan wannan abin ba zai maye maka gurbin karatu ba, wanda bai buɗe littafi ba duk nutsuwarsa faɗuwa zai yi. Aikinsa shi ne ya bar abin da ka riga ka iya ya fito a lokacin da ake buƙatarsa. Kuma abin daɗin shi ne ana koyonsa, ba sai an haife ka da shi ba. Joseph Durlak da abokansa a 2011 sun duba shirye-shirye 213 na koya wa yara 'yan makaranta irin wannan, yara sama da 270,000, suka ga waɗanda aka koya wa har makinsu na karatu ya ɗaga ba halinsu kaɗai ba.

Fara da kiran abin da sunansa

Yawancinmu kalma biyu muke da ita, ko "raina ya ɓaci" ko "ba komai". Toh amma ɓacin rai ai kala-kala ne. Oga ya yi maka faɗa a gaban 'yan ƙasa da kai, abin da kake ji ɗin nan fushi ne ko kunya ce? Abokin karatunka ya ci A kai ka ci C, haushin lakcara kake ji ko kishi ne ko tsoron abin da Baba zai ce? Kowanne maganinsa daban, mai jin kunya abin da yake buƙata daban da na mai jin tsoro, in ka haɗa su duka ka kira su fushi sai ka je ka huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, galibi matarka ko ƙanenka ko masinjan ofis.

Abin yi ba wuya. Da ka ji alamar a jikinka, don jiki yana riga tunani sani, ƙirji ya yi nauyi ko wuya ya ɗaure ko gaba yana faɗuwa ko ka ji ka cije haƙora, sai ka tsaya ka gaya wa kanka a zuci, "kunya nake ji saboda an gyara min a gaban mutane". Shikenan, jimla ɗaya, abin da kake ji da dalilinsa. Za ka ga kamar wasa ne amma Matthew Lieberman da abokansa a jami'ar UCLA ta Amurka sun gwada a 2007 da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga in mutum ya sa wa motsin rai suna wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda shi ne yake tayar da jiki in ya hango haɗari, yana rage tashi, sashen gaban goshi mai tunani da auna abu kuma ya ƙara aiki. In kana da ɗan littafi ko not a waya ka riƙa rubutawa da daddare na sati biyu haka, me ya tayar min da hankali yau, wa ya jawo, ƙarfe nawa. Za ka sha mamaki, za ka ga abubuwa biyu ne ko uku suke ta maimaituwa, ƙila ma mutum ɗaya ne ko lokaci ɗaya, misali kullum bayan azahar kafin ka ci abinci.

Sa tazara tsakanin jin abu da aikata abu

Mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wani mutum ya zo ya ce wa Annabi SAW ya yi masa wasiyya, ya ce masa kada ka yi fushi, ya sake tambaya ya sake maimaita masa, yana cikin Bukhari. An ruwaito cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Kuma wanda ya fi dacewa da ma'aikata a ganina shi ne hadisin da ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Duba fa, ba a ce alƙali ba zai ji fushi ba, an ce kada ya yanke hukunci a lokacin. Kai ma hukunci kake yankewa duk ranar Allah, amsa saƙo hukunci ne, ajiye aiki hukunci ne, fita daga guruf hukunci ne.

Saboda haka ka sa wa kanka doka tun kana lafiya lau, kada ka bari sai ka hau dokin zuciya sannan ka fara neman linzami. Dokar ita ce ba na tura saƙo ina cikin zafi. Wallahi WhatsApp ɗin ofis da na 'yan aji ya raba mutane da yawa da mutuncinsu, mutum ya zauna ya rubuta doguwar magana ko ya yi boyis na minti biyar ya wanke kowa tas ya tura, kafin ya huce ya goge an riga an yi sikirinshot an tura wa oga. In dole sai ka rubuta to rubuta a not ɗin wayarka inda ba lambar kowa, ka bar shi ya kwana, da safe ka karanta, abin da ka ga har yanzu gaskiya ne kuma za ka iya faɗa ido da ido shi za ka tura. In kuma a miting ne aka taso maka ba damar tashi, ka riƙe jimla ɗaya da za ta saya maka lokaci, "ranka ya daɗe a ba ni zuwa gobe in duba in dawo da bayani", ko "Malam bari in koma in sake dubawa". Ba tsoro ba ne wannan. Sannan numfashi, ka ja a hankali kana ƙirga huɗu ka sake a hankali kana ƙirga shida, fitar da numfashi a hankali yana rage gudun bugun zuciya, kuma ba wanda zai san kana yi.

Haɗiye abu daban, haƙuri daban

Nan ne nake so mu daɗe don nan ne muka fi cutuwa. An tashe mu da "yi haƙuri", "kai zuciya nesa", "namiji ba ya kuka", "'ya mace da haƙuri aka san ta", kuma tarbiyya ce mai kyau ba na raina ta ko kaɗan. Matsalar ita ce da yawanmu mun ɗauka haƙuri shi ne ka haɗiye, fuska tana murmushi ciki yana tafasa, ta ciki na ciki. Tukunya ce a kan wuta ka danne murfin da dutse ba ka rage itacen ba, ai ka san ƙarshenta. Shi ya sa za ka ga mutum shiru-shiru wanda kowa yake yabo shekara da shekaru, rana ɗaya a kan ƙaramin abu, wai an ɗauke masa kujera ko an ci masa biro, ya birkice ya zagi kowa har da wanda ya haife shi a aiki, mutane su ce aljanu ne. Tarin shekaru ne ya fashe.

James Gross na Jami'ar Stanford ya shafe shekaru yana kwatanta hanyoyin nan biyu, danne abin da kake ji kada ya fito a fuska, da kuma sauya yadda kake kallon abin tun daga tushe. Abin da suka gani shi ne mai dannewa fuskarsa ce kawai take lafawa amma ɓacin ran yana nan, jikinsa ma ƙara tashi yake yi. Kuma ga wanda ya shafi ɗalibai da ma'aikata kai tsaye, a wani gwaji da suka yi da Jane Richards a 2000 waɗanda aka ce su ɓoye abin da suke ji sun fi manta abin da aka nuna musu, saboda ƙwaƙwalwar ta tafi gadin fuska ba ta samu sararin riƙe bayani ba. Ka tuna ranar da aka ɓata maka rai kafin lakca ka zauna kana ta kame fuska, me ka fita da shi daga ajin? A wani gwajin ma an ga in mutum yana danne abin da yake ji ana hira, har wanda suke hirar da shi jininsa yana hawa, wato mutane suna jin akwai wani abu ko ba ka faɗa ba.

To yaya ake sauya kallon? Tambaya za ka yi wa kanka, in ban da fassarar da na yi wa abin nan akwai wata? Ka gaida HOD, wato shugaban sashenku, bai amsa ba, zuciya ta ce ya tsane ka. Ko dai bai ji ba? Ko shi ma daga sama aka taso shi? Ko yaronsa ne a asibiti? Ba wai ka yaudari kanka ba ne, a'a, fassarar farko da zuciya take kawowa ita ma ai zato ce ba hujja ba, kawai ta riga sauran zuwa ne. Ka kawo guda biyu ko uku ka ajiye kusa da ita ka ga ko za ta tsaya. Sau da yawa ba ta tsayawa.

In kuma ta tsaya, an zalunce ka da gaske, to nan ma haɗiyewa ba ita ce mafita ba. Ka bari ka huce, ka nemi mutumin shi kaɗai ba a gaban jama'a ba, ka faɗi abin da ya faru da yadda ya shafi aikin ba tare da ka yi masa hukunci a kan halinsa ba. Akwai bambanci tsakanin "kai dama ba ka da mutunci" da "Yaya, jiya da aka gabatar da aikin nan ba a ambaci sunana ba alhali tare muka yi, abin ya dame ni, ina so nan gaba a gyara". Ta farko faɗa za ta haifar, ta biyu ko bai ji daɗi ba dole ya amsa maganar da ke ciki. Kuma in cin zarafi ne ko neman lalata ko danne haƙƙi, musamman ga 'yan'uwa mata a makarantu da ofisoshi, wannan ba wajen sauya kallo ba ne, wajen ajiye hujja ne da kai ƙara inda ya dace, kada wani ya rufe miki baki da sunan haƙuri.

Ranar jarrabawa

Dalilin da ya sa karatu yake guduwa a zauren jarrabawa shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwa da yake riƙe abu na ɗan lokaci kana aiki da shi, kamar lambobin da kake riƙewa kana lissafi a ka, ɗan ƙarami ne ba ya ɗaukar abu da yawa. In fargaba ta shigo da "in na faɗi fa", "kuɗin rajistar nan bashi aka ciyo", "su wane za su yi min dariya", sai ta cinye wajen, lissafin ya rasa inda zai zauna. Karatun yana nan bai goge ba, shi ya sa kana fitowa daga zauren amsar take faɗo maka a bakin ƙofa.

Gerardo Ramirez da Sian Beilock a Jami'ar Chicago sun gwada wani abu mai sauƙi suka buga a 2011. Sun sa ɗalibai su zauna minti 10 kafin jarrabawa su rubuta duk abin da yake tsorata su game da ita, kuma ɗaliban da suka fi fama da fargaba makinsu ya ɗaga. Ba ya cin ko sisi, takarda ce da biro, ka yi a waje kafin a fara tantancewa ka yaga ka zubar kada ma a ce ka shigo da satar amsa. Abu na biyu, in ka ji zuciya tana bugawa kada ka ce na shiga uku, ka ce wa kanka jikina ne yake shiri. Jeremy Jamieson da abokansa sun gwada wannan a 2010 da masu shirin wata jarrabawar shiga digiri na biyu a Amurka, waɗanda aka gaya wa cewa tashin jiki yana iya taimaka musu sun fi yin ƙoƙari a lissafi. Kuma gaskiya ce, bugun zuciyar jini yake tura wa ƙwaƙwalwa.

Ga masu JAMB musamman, tambaya 180 ce a awa 2 a gaban kwamfuta ga agogo yana ƙirgawa a kan allo, in ka tsaya kokawa da tambaya ɗaya da ta ƙi ka ba lokaci kawai kake ɓatawa ba, hankalinka kake tayarwa har waɗanda ka sani su rikice maka. Tsallake ta, ka tara waɗanda ka sani tukuna zuciya ta kwanta sannan ka dawo. Kuma ka yi gwaji a gida da agogo a gabanka sau da yawa, ko ka je inda ake koyon kwamfuta ka saba da linzaminta, don rabin fargabar ranar rashin sabo ne.

Jan ƙafa ma daga nan yake. Furojet ɗin da ka ajiye wata uku kana cewa sai gobe sai jibi, ba lallai lalaci ba ne. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayani a 2013 cewa jan ƙafa gudun wani ji ne mara daɗi, kana buɗe fayil ɗin sai ka ji tsoron ba za ka iya ba ko gundura ko haushin sufabaiza, sai ka rufe ka shiga TikTok ka samu sauƙi na ɗan lokaci, gobe abin ya dawo da nauyi biyu. Maganin ba zagin kai ba ne, zagin kai ƙara wa abin ɗaci yake yi ka ƙara gudunsa. Ka gane me kake gudu, ka rage aikin ya zama ƙarami sosai, yau sakin layi ɗaya kawai zan rubuta, minti goma kawai zan zauna. Farawar ce mai wuya.

In an yi maka gyara

Sufabaiza ya dawo maka da babi na biyu duk ya sha jan biro, ko oga ya jefo maka fayil ya ce wannan wane irin shirme ne. Abu biyu ne a cikin maganarsa, akwai salon da ya faɗe ta akwai kuma abin da ya faɗa. Salon nasa ne, ƙila ba shi da kyau, ba kai za ka gyara shi ba. Abin da ya faɗa kuwa naka ne in akwai gaskiya a ciki. Mafi yawanmu salon muke riƙewa mu kwana muna juya shi mu bar gyaran a ƙasa, sai mu sake maimaita kuskuren a sake yi mana faɗa mu ce ai dama ba ya sona.

Kada ka fara kare kanka nan take ko da kana da hujja, saurara har ya gama. Sannan ka yi tambayar da za ta mayar da faɗan ya koma aiki, "Malam wane ɓangare ne ya fi buƙatar gyara in fara da shi?" Mutum ko yana cikin zafi in ka tambaye shi haka dole ya sauko ya nuna maka wuri. Ka rubuta a gabansa. In ka dawo da aikin ka nuna masa ga abin da ka ce ga yadda na yi. Malamai da shugabanni suna ƙara sakin jiki da wanda suka ga gyaransu yana shiga, kuma irin wannan ne ake tunawa da shi in wata dama ta taso.

Karanta mutane

Mu mutane ne masu kunya da kara, ba kasafai ake faɗa maka abu kai tsaye ba, saboda haka in kunnenka kalmomi kawai yake ji za ka yi ta taka mutane ba ka sani ba. "Ba komai" da aka faɗa ana kallon gefe da komai a ciki. "Toh shikenan" kala nawa ce. "Za mu duba" wani lokacin a'a ce aka sa mata riga. Wanda kullum yake zolaya a ofis yau ya yi shiru, ka lura. Ka saba da kallon fuska da sauraron murya kafin ka kawo buƙatarka, wanda ya shigo wa oga da maganar hutu ko alawus daidai lokacin da ya fito daga miting fuska a murtuke shi ya jawo wa kansa a'a, alhali da ya bari zuwa gobe da safe ƙila da an sa hannu.

Amma kada ka wuce gona da iri ka zama mai fassara kowane motsi, abin da ka karanta a fuska zato ne har sai ka tambaya. "Hajiya na ga yau kamar ba kya jin daɗi, lafiya dai?" ya wadatar, in ta so ta faɗa in ba ta so ba ka kyale ta.

Masu hulɗa da kwastoma kuwa, wanda ya zo yana ihu an cire masa kuɗi ba su fito ba, ba da kai yake ba, tsoro ne yake cinsa ƙila kuɗin maganin mahaifiyarsa ne. In ka fara da "ba laifinmu ba ne netwok ne" ka ƙara masa wuta. Fara da nuna ka ji shi, "Alhaji sannu, dole ranka ya ɓaci, kawo rasit ɗin mu gani", ka bar shi ya gama, sannan ka gaya masa takamaimai abin da za a yi da kuma yaushe, kada ka yi alkawarin da ka san ba zai cika ba don kawai ya tafi.

In kai ne oga ko malami nauyinka ya fi na kowa, don yanayin fuskarka da safe shi ne yanayin ofis ɗin gaba ɗaya. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990 ta ga wani abu da ya ba ta mamaki, rukunin ma'aikatan da suka fi kyawun shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kuskuren ba da magani. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, su ne ba sa tsoron faɗa, sauran ɓoyewa suke yi. Kamfanin Google ma da ya bincika rukunonin ma'aikatansa 180 daga 2012 abin da ya fito a gaba shi ne wannan, mutum ya san zai iya tambaya ko ya ce na yi kuskure ba a wulaƙanta shi ba. Ogan da ake tsoro yana ganin kamar komai lafiya ne saboda ba mai kawo masa mummunan labari, har sai abin ya lalace ya wuce gyara. Malamin da yake dizga ɗalibi in ya yi tambaya, ajinsa zai yi tsit ya ɗauka sun gane. Yabo a gaban mutane, gyara a keɓe, kuma wanda ya zo ya ce maka ya yi kuskure ka fara da gode masa da ya faɗa kafin ku shiga maganar gyara.

Duk waɗannan dabarun kuma ba sa aiki a jikin da bai yi bacci ba. A wani gwaji da Matthew Walker da abokansa suka buga a 2007, waɗanda aka hana bacci dare guda amigdalarsu ta fi ta masu bacci tashi da kusan kashi 60 cikin 100 da aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Kenan kwanan zaune da kofi da goro daren jarrabawa kana ƙara shafi biyu ne kana sayar da nutsuwar da za ka rubuta su da ita. Yunwa ma haka, in ka san da azumi wajen la'asar fitilarka takan yi ja to kada ka sa magana mai zafi a wannan lokacin, ka kai ta safiya ko bayan shan ruwa.

Sai dai akwai inda abin ya wuce dabara. In ka kai sati biyu ko fiye kullum cikin baƙin ciki, abin da kake jin daɗinsa da ya fita daga ranka, bacci ya ƙi ko ya yi yawa, ba ka iya cin abinci, ko fargaba tana zuwa maka har numfashi ya sarƙe ba dalili, ko ka fara tunanin gara ma ka mutu, wannan rashin lafiya ce kamar hawan jini ko ciwon suga, ba raunin imani ba ne kuma ba rashin haƙuri ba ne, ana addu'a ana kuma neman magani. Jami'o'i da yawa suna da sashen ba ɗalibai shawara da asibitin makaranta, a fara da nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Ka je da wani da ka yarda da shi, ka gaya wa likita tun yaushe abin ya fara da yadda yake hana ka bacci da karatu ko aiki, in kana shan wani abu don ka samu sauƙi shi ma ka faɗa masa kada ka ɓoye.